Kunnen Baba da Jar Motar Yaya

Motar ta riga mai ita isowa Kumasi. Yayana ne ya saye ta sabuwa a Jamus, inda ya daɗe yana tuƙa bas ta cikin gari, ya saka ta a jirgin ruwa, ya ce shi ma yana tafe bayanta da wata biyu ko uku. Wani abokinsa ya fito da ita daga tashar jirgin ruwa ta Tema, aka ɗoro ta a bayan babbar mota har bakin layinmu a Zango. Ranar da aka sauke ta babu wanda ya zauna a shagonsa. Ja ce wur, ƙofa biyu, gajera kamar cikinta zai taɓa ƙasa, kujerunta da ledarsu. Mai waakye, wato shinkafa da wake, ta bakin masallaci ta bar tukunyarta ta zo tana leƙawa ta gilashi tana cewa, "Borga, ɗan Jamus, ya yi abu! To amma wannan ina ake sa kaya?"

Ni ce auta a gidanmu. A lokacin ban yi aure ba, ina koyarwa a wata makaranta a Kwadaso, kuma cikin waɗanda suka rage a gida ni kaɗai na iya tuƙi. Baba ne ya koya mini da kansa, a filin ƙwallo, da wata tsohuwar a-kori-kura, tun idanunsa na gani. Tsohon direba ne. Ya yi ƙuruciyarsa yana ɗaukar goro daga Kumasi zuwa Legas, wani lokaci har Kano. Da tsufa ya zo, ciwon ido ya ci ganinsa, sai inuwa-inuwa yake gani. Ranar da motar ta zo, da hannu ya gan ta. Ya shafa ta daga fitila har but, ya duƙa ya taɓa taya, sannan ya miƙe ya ce, "Wannan ba a yi ta don titinmu ba. Amma Allah ya sa albarka."

Sai da muka kira birkila ya gyara bakin kwatar ƙofar gida kafin ta iya shiga. Yaya ya bugo waya ya ce, "Auta, amanarki ce. Kada ki bar ta a tsaye. Ki riƙa zagayawa da ita ko sau ɗaya a mako, kada batir ya mutu kafin in zo."

Fitata ta farko, da na dawo na kashe ta, sai na ji tana tik, tik, tik daga ƙasa. Na ruga wurin Baba, yana zaune a kujerarsa ta ƙarƙashin rumfa, na ce na ɓata motar mutane. Ko motsi bai yi ba. Ya ce, "Na ji tun daga nan. Salansa ce take hucewa. Ƙarfe in ya yi zafi ya huce, dole ya yi magana. Je ki sha ruwa."

Ƙara ta biyu ce ta hana ni sukuni. Bayan na zuba mata mai karo na biyu, ina hawa gadar sama ta Sofoline da rana tsaka, na taka totur don in wuce wata trotro, ƙaramar bas ta haya, sai na ji wani abu a cikin inji kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara ana kaɗawa. Na ɗaga ƙafa, ta yi shiru. Na sake takawa, ta dawo. Daga ranar, duk inda hanya ta yi tudu, musamman in rana ta take, sai ƙarar ta fito, motar kuma ta yi nauyi kamar ana riƙe ta ta baya.

Ban gaya wa Yaya ba. Ban gaya wa Baba ba, don na ji kunya a karon farko. Na ɗauke ta na kai Magazin, unguwar makanikai ta Suame, wurin wani masta da malaman makarantarmu suke kai wa motocinsu. Ya buɗe bonet, ya tsaya ya riƙe ƙugu. Duk injin a rufe yake da baƙar roba, ba ka ganin ko fulogi. Ya sa na tayar, na ba ta wuta a tsaye, babu ƙarar komai. Mutumin kirki ne, ya ce mini da Hausarsa ta Magazin, "Hajiya, ni ba na taɓa wannan. Wannan na kwamfuta ne." Ya nuna mini shagon wani mai na'ura. Shi kuma ya jona igiya a ƙarƙashin sitiyari, ya daɗe yana kallon allo, ya ce bai ga laifin komai ba, wataƙila kunnena ne. Na fito daga Suame, ko nisa ban yi ba, tudu na farko ta sake yi.

Kwana uku ina juya abin a raina. Mma, mahaifiyarmu, ita ta lura ba na cin abinci sosai, ta tambaye ni a gaban Baba, na faɗi gaskiya. Baba ya ce, "Shi ne kika kai ta Magazin ina zaune a gidan nan?" Ya ce, "Ɗauko mini hulata."

Mma ta ce, "Alhaji, ina za ka a wannan abin? In ka shiga wa zai fito da kai?"

Ya ce, "Wanda ya shigar da ni."

Shigar tasa kuwa aiki ce. Kujerar tana can ƙasa, gwiwoyinsa kuma sun daina lanƙwasuwa yadda yake so. Na riƙe masa hannu ɗaya, ya dafa rufin motar da ɗayan, ya sauka a hankali yana bismillah. Hular da ya sa aka ɗauko dole ya cire ta ya ɗora a cinya, don rufin ya yi ƙasa. Ya ce in kashe rediyo, in kashe na'urar sanyi, in sauke gilashin gefensa kaɗan.

Muka fita daga Zango. Ya karkatar da kai, ya rufe idanun da dama ba sa gani, ya ɗora tafin hannunsa a gaban motar. Da muka fara hawan gadar ya ce, "Taka." Na taka, tsakuwar ta kaɗa. "Ɗaga." Na ɗaga. "Sake takawa, a hankali." Ya saurara. Da muka sauka ya ce in zagayo mu sake hawa. Sau uku muka hau gadar nan. A na ukun na ga yana murmushi.

Ya ce, "Wane mai kika ba ta?"

Na ce, "Fetur, Baba. A gidan mai na kirki, wanda kowa yake sha."

Ya ce, "Na san muryar nan. Da can, motata ta farko mai fetur ce. Wata rana mai ya yanke mini bayan mun ƙetare iyaka, na sayi na kwalba a bakin hanya, ashe an haɗa shi da kananzir. Haka ta yi ta yi mini har Legas. Man ne yake kamawa da wuta kafin lokacinsa ya yi, sai ya daki injin ta inda bai shirya ba."

Na ce, "To ai nawa ba na kwalba ba ne."

Ya ce, "Ban ce man ba shi da kyau ba. Yana da kyau ga trotro da tasi. Ita ce ba abincinta ba ne. Tsaya gefe ki buɗe murfin tanki ki duba cikinsa. Bature ba ya yin abu bai rubuta ba."

Na tsaya kusa da masu sayar da robobi da katifu a bakin titin Sunyani. A bayan murfin kuwa ga wata 'yar takarda manne, da rubutun Jamusanci da lamba. Sau biyu ana zuba mini mai ban taɓa lura da ita ba. Na ɗauki hotonta na tura wa Yaya. Ko minti biyar ba a yi ba ya kira, yana hutun aiki. Ya ce, "Wayyo, Auta, laifina ne. Na manta ban gaya miki ba. Fetur iri-iri ne, ita mai babbar lamba take sha. Me ya faru?" Na ba shi labari. Sai ya ce, "Baba yana cikin motar yanzu?" Na ce yana ciki. Ya ce, "Ya shiga? Da kansa?" Na miƙa wa Baba wayar. Baba ya ce, "Na shiga, na riga ka. Ka sayi doki ka aiko shi ba ka faɗi abin da yake ci ba." Ina jin dariyar Yaya daga inda nake.

Ba kowane gidan mai ne yake da irin wanda take so ba. Sai da muka tambaya a wuri uku kafin muka samu ɗaya gaba da Sofoline, mai famfo na daban a can ƙarshe. Baba ya ce kada in cika a kan tsohon, in lallaɓa ta har ya kusa ƙarewa, ban da gudu, ban da taka ta a tudu. Haka na yi. Da muka zuba sabon, ƙarar ta ragu. A tanki na biyu ta ɓace gaba ɗaya, motar ta zama wata aba daban. In ka taɓa totur sai ta zabura, da wani siririn fito da take yi daga cikin inji. Na so in tsorata da shi ma, Baba ya ce, "Wannan lafiya ce. Iska take ja. Manyan motocin gas na baya-bayan nan duk suna yi."

Daga nan Asabar ta zama tamu. Ko tanki bai yi ƙasa ba, Baba zai yi wanka da hantsi, ya sa farar riga, ya shafa turare, ya zauna a bakin rumfa yana jira. In na yi jinkiri sai ya aiko Mma ta ce, "Direban Alhaji, ana jiranki." Mukan bi ta Sofoline mu zuba mai, mu miƙe titin Sunyani har gidaje su fara raguwa, sannan mu juyo. Masu zuba man sun san shi. Sukan gaishe shi da yaren Twi, ya amsa musu da Twi mai daɗi irin na mutanen da, su yi ta dariya.

Asabar ɗin da Yaya ba ya aiki, nakan jingina wayar a gaban motar mu tafi mu uku. Baba yana ba da labarin hanya: inda gada ta taɓa karyewa suka kwana huɗu da goro a mota suna yayyafa masa ruwa, garin da ake sayar da nama mafi daɗi, yadda ake gane taya za ta fashe tun kafin ta fashe. Wasu labaran ban taɓa ji ba, duk da na girma a gabansa. A gida ba mai yawan magana ba ne. A mota kuwa bakinsa ba ya rufuwa. Yaya ba ya cewa komai sosai. Wani lokaci sai ya ce, "Auta, sauke gilashi." In na sauke, sai hayaniyar gari ta shigo, masu trotro suna kiran fasinjan Kejetia, masu ruwan leda, hon ta ko'ina. Yakan ce, "Bar shi haka," ya yi ta saurare.

Wata uku suka wuce bai zo ba. Takardunsa na zama ne suka shiga sabuntawa, kuma in ya fito kafin su fito, komawa za ta yi wuya, ga mata da 'ya'ya a can. Aka ce wata mai zuwa. Wata mai zuwa ya zo aka ce a ƙara haƙuri.

Ƙara ta uku a baya take. Ba ta fita a kwalta, sai mun shiga gargada, kamar hanyar Ayigya Zango inda mukan je gaida ƙanwar Baba. Wani ƙwas-ƙwas ne mara ƙarfi, kamar abu yana buga abu. Na gaya wa Yaya, ya ce, "Ƙyale shi, ba komai ba ne." Na ce ta ina ya sani bai ji ba? Ya ce, "Na ce ki ƙyale." Baba kuwa ba ya iya ƙyale ƙara. Ya ce ba ta ƙafar mota ba ce, ba ta salansa ba ce, abu ne sake a cikin but. Na ce but ɗin babu komai. Ya ce, "Akwai."

Wata Asabar da muka dawo ya sa na buɗe but, ya tsaya a kaina. Na ɗaga shimfiɗar ƙasa, ga ramin kayan gyaran taya. A gefe, an cusa wani ɗan akwatin ƙarfe, tsumman da aka naɗe shi da shi ya zame. Na buɗe. Agogon hannu ne, fari, mai manyan lambobi, da wani maɓalli a gefe. Na danna, sai wata murya ta faɗi lokaci da Turanci. Baba ya ja da baya ya ce, "Wane ne?"

Na kira Yaya ta bidiyo. Da ya ga akwatin a hannuna ya rufe fuska da tafinsa. Ya ce, "Na ce ki ƙyale." Sannan ya ce in ba Baba. Ya ce, "Baba, naka ne. Agogo ne mai magana, na masu ciwon ido, don ka riƙa sanin lokacin salla ba sai ka tambaya ba. Na daɗe ina neman mai Turanci, don na nan duk Jamusanci suke yi. Na ɓoye ne don ina so in ɗaura maka da hannuna."

Baba ya karɓa ya juya shi, ya shafa gilashin da babban yatsa, ya danna maɓallin sau ɗaya ya saurara. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Sai ya miƙo mini ya ce, "Mayar da shi inda yake. Naɗe shi da kyau kada ya ƙara bugawa."

Yaya ya ce, "Haba Baba, tunda an gani ai sai ka sa."

Baba ya ce, "Ka ce da hannunka. Ina da ladan, ina da uwarku, ba zan rasa lokaci ba. Ka zo ka ɗaura."

Na naɗe shi da wani tsohon ɗankwalina na mayar. Mma ta yi ta faɗa, ta ce taurin kan tsufa ne. Bai kula ta ba.

Mun ƙara yin Asabar kamar goma sha biyu bayan wannan. A ta ƙarshe bai yi labari ba, ya ce kansa yana nauyi, amma ya ƙi mu juya sai da muka kai inda muka saba. A cikin makon aka kwantar da shi a asibiti. Kwana biyar ya yi, ya rasu da safe, ana yayyafi. Allah ya jiƙansa. Yaya ta waya ya bi jana'iza, wani ɗan'uwanmu ya riƙe masa ita a aljihun gaba, yana jin kabbara ba ya ganin komai.

Na fi wata biyu ban buɗe motar ba. Batir ya mutu kamar yadda Yaya ya ji tsoro tun farko, sai da masta na Magazin ya zo har gida ya tayar da ita. Da na fara fita ni kaɗai, ban wuce bakin layi ba na juyo. Kujerar gefena tana nan yadda na tura ta baya saboda gwiwoyinsa.

Takardun Yaya sun fito bayan rasuwar da wata bakwai. Yaya ya zo shi kaɗai, da hutun mako uku. Ya yi furfura a gemu, Hausarsa ta ɗan yi nauyi, yana tsayawa neman kalma. Washegarin zuwansa muka je maƙabarta. Da muka dawo ya buɗe but ya ciro akwatin, ya shiga ɗakin Mma ya rufe ƙofa. Ban bi shi ba. Agogon yana wurinta har yau, a cikin kwabarta.

A rana ta uku ya ce zai tuƙa motarsa. Na ba shi makulli. Mutumin da yake jan doguwar bas kullum, amma Kumasi ta rikita shi. A tudun rage gudu na farko ya goge cikinta da ƙasa, don bai san ana hawansa a karkace ba. Masu keke mai ƙafa uku suna shigo masa ta dama da hagu, trotro tana tsayawa a gabansa ba sigina, yana ta taka birki yana gumi. Kafin mu kai Sofoline ya tsaya gefe ya ce, "Zo ki karɓa." Muka yi musaya. Ya zauna a kujerar, bai matsar da ita gaba ba. Ya ce in bi duk inda muke bi da Baba, in nuna masa. Na nuna masa gidan man. Ɗaya daga cikin masu zuba man ya leƙo ya tambayi tsoho, na faɗa masa, ya ajiye famfon ya yi mana gaisuwa. Na nuna masa wurin da muke juyowa, gindin wata bishiya kusa da masu sayar da doya. Ya ce mu ɗan tsaya. Muka tsaya, bai fita ba. Ya yi ta yi mini tambayoyi ƙanana: wace riga Baba yakan sa, yana yin barci a hanya, ya taɓa cewa motar ta yi kyau? Na ce ya taɓa, sau ɗaya, ya ce wanda ya zaɓe ta ya san mota. Ya juya fuskarsa waje.

Bai sake karɓar makullin ba har hutunsa ya ƙare. Ni na kai shi duk inda ya je gaisuwa.

Ranar komawarsa na kai shi tashar manyan motocin Accra. Da can yana cewa in ya zo wannan karon zai nemi fili a Kwadaso, ya fara gini, ya dawo gaba ɗaya in yara sun gama makaranta. A cikin mako ukun nan ban ji ya ɗauko maganar ba, ni ma ban tambaya ba. Da ya sauke jakarsa, ya zuge gefenta ya ciro wata ambulan mai kauri ya miƙo mini. Takardun motar ne duka, da wata takarda da ya sa wa hannu. Ya ce, "Ki je ofishin lasisi ki mayar da ita sunanki."

Na ce, "In ka dawo fa, me za ka hau?"

Ya ce, "In na zo hutu ai ga ki."

Aka fara kiran fasinja. Ya ce in kula da Mma, ya ɗauki jakarsa ya shiga. Na tsaya har bas ɗin ta fita daga tashar ta shiga cunkoso. Yanzu na yi aure, ina zaune a Ayigya Zango, motar tana wurina. Ambulan ɗin tana cikin akwatin kayana. Mijina ya tuna mini sau biyu, ya ce ranar da ba ni da aji zai raka ni mu gama. Na ce masa to, amma har yanzu ban sa rana ba.